Tarihin Akwatin Yashi: Yadda Wasan Ƙasa Ya Shiga Makaranta

Wasan ƙasa ba shi da ranar farawa. Duk inda yaro ya haɗu da yashi, a bakin gulbi ne ko a ƙofar gida, zai zauna ya tona, ya tara, ya rushe, ba tare da kowa ya nuna masa ba. A ƙasar Hausa 'yan mata ƙanana kan tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, su haɗa miyar ganye, su zuba wa 'yar tsana nata kason. Maza kuma bayan an ɗauke ruwan sama sukan tura ƙafa cikin jiƙaƙƙen yashi, su daddaɓe shi a kanta, su zare ƙafar a hankali, sai ga ɗaki ya tsaya har da ƙofarsa. Abin da ke da tarihi, mai shekaru da sunayen mutane, shi ne lokacin da manya suka ɗebo yashi suka killace shi wuri ɗaya, suka ce daga yau wannan kayan karatu ne. Wannan bai kai shekara 250 ba, kuma galibinsa ya faru ne a biranen Turai da Amurka, inda gine-gine da masana'antu suka cinye filin da yara ke wasa.

Yashi ya fara shiga makarantar Turawa ne a matsayin allo. A shekarar 1789 wani limamin coci ɗan ƙasar Sukotlan, Andrew Bell, ya karɓi shugabancin gidan marayu na yara maza a Madras da ke kudancin Indiya, birnin da ake kira Chennai a yau. Malamai sun yi masa kaɗan, takarda kuma tsada gare ta. Wata rana ya wuce ta wata makarantar 'yan ƙasa, ya ga yara zaune suna rubuta baƙaƙe da yatsa a kan yashin da aka baje musu, su shafe, su sake rubutawa. Daɗaɗɗiyar al'ada ce a can. Bell ya kwaso ta zuwa makarantarsa, ya ɗora manyan ɗalibai su riƙa koyar da ƙanana, sannan ya wallafa bayanin tsarin a 1797 bayan ya koma gida. Shekara guda bayan haka Joseph Lancaster ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a kudancin Landan, ya sa dogon tebur mai ɗan baki da aka baje yashi a kansa domin 'yan ajin farko. Yaro ya rubuta harafi, mai kula da aji ya duba, a ja katako a share, a shiga na gaba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama domin araha gare shi. Sai dai babu wasa a cikinsa ko kaɗan: abin da aka ce yaro ya rubuta shi zai rubuta, kuma a lokacin da aka ce.

Wanda ya buɗe wa wasa ƙofar makaranta shi ne Bajamushe Friedrich Froebel, wanda ya rayu daga 1782 zuwa 1852. A 1837 ya kafa wata cibiyar wasa da aikin hannu ta ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 kuma ya raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara. A ganinsa wasa shi ne babban aikin yaro, malami kuwa mai ban ruwa ne da ke kula da tsiro. Kayan wasan da ya fara tsarawa su ne ƙwallayen zare da guntayen katako masu siffofi daban-daban. Yashi ya shigo daga baya, ta hanyar wani tsohon ɗalibinsa, Hermann von Arnswald, wanda ya rubuto masa wasiƙa a 1847 yana ba da shawarar a tanadi wurin yashi, domin ya lura yara ba sa gajiya da shi. Froebel ya karɓi shawarar. Gwamnatin Furusiya ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851 bisa zargin suna yaɗa tawaye da rashin addini, ba a ɗage haramcin ba sai 1860, bayan mutuwarsa. Duk da haka malaman da ya horar, mafi yawansu mata, sun bazu da tsarin zuwa Ingila da Amurka. A Jamus kanta kuma aka fara jibge tulin yashi a lambunan shaƙatawa na Berlin, 'ya'yan masu kuɗi da na talakawa suna tono tare, 'yan sanda na sa ido.

Waɗannan tuli na Berlin su ne wata likita, Marie Zakrzewska, ta gani a 1885 sa'ad da ta kai ziyara mahaifarta. A Berlin aka haife ta a 1829, ta yi ƙaura zuwa Amurka, ta kafa asibitin mata da yara a Boston a 1862. Ta san halin da 'ya'yan baƙin haure ke ciki a unguwannin talakawa na birnin: iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, uwa da uba na wurin aiki, yara na kan titi tsakanin kekunan doki da kwata. Ta rubuta wa wata ƙungiyar mata masu aikin agaji da tsafta ta jihar Massachusetts, ta ba su labarin abin da ta gani. Ƙungiyar ta sa aka zuba tulin yashi a harabar wani ɗan coci da ke titin Parmenter a unguwar North End. Ba a yi wani biki ba, kuma yaran da suka fara zuwa ba su da yawa. Amma zuwa 1887 irin waɗannan wurare, da aka riƙa kira lambunan yashi, sun kai 10, har an fara biyan mata albashi su kula da su. Zuwa 1899 sun kai 21, hukumar birnin kuma ta shigo da kuɗinta. Masu rubuta tarihin filayen wasan yara na Amurka da wannan tulin suke farawa. Lilo da sulɓi da sandunan hawa duk daga baya suka zo, bayan da aka ga yayyen yaran suna zagaye wurin su ma suna neman abin yi.

Ba tausayi kaɗai ya motsa waɗannan mata da masu ba su kuɗi ba. Akwai tsoron cewa yaron titi shi ne ɓarawon gobe, akwai kuma burin mayar da 'ya'yan Italiyawa da Yahudawa da 'yan Ailan cikakkun Amurkawa masu bin layi da jin magana. Saboda haka lambun yashi wuri ne na wasa, kuma wuri ne na sa ido. Da waɗannan manufofi biyu aka buɗe filin wasa na gidan agajin Jane Addams a Chicago a 1894, da su kuma aka kafa ƙungiyar filayen wasa ta Amurka a 1906, Shugaba Theodore Roosevelt yana shugabanta na girmamawa.

A tsakiyar wannan zamani ne aka yi rubutu mafi daɗin karatu kan batun. G. Stanley Hall, wanda daga baya ya zama shugaban farko na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ya wallafa wata maƙala a 1888 kan labarin wani tulin yashi a ƙauyen Boxford na Massachusetts. Wata uwa ce ta sa aka kawo lodin yashi aka zuba a bayan gidan da suke hutun bazara, domin 'ya'yanta maza biyu. Da farko ramuka da hanyoyi kawai suke yi. A hankali yaran maƙwabta suka shigo, shekara na bin shekara, tulin ya zama gari sukutum: gonaki da shinge, rumbuna, shanu da dawakai da mutanen da aka sassaƙa da wuƙa. Da gonaki suka yi yawa sai rigimar iyaka ta taso, sai suka fara taron gari suna kafa doka. Da ciniki ya kankama sai suka ƙirƙiro kuɗi. Babu malamin da ya tsara musu ko ɗaya daga ciki. Hall ya kammala cewa yaran sun koyi lissafi da aikin hannu da zaman jama'a fiye da yadda aji zai ba su, da yake duk darussan sun haɗu a abu guda da suka damu da shi. Ya kuma lura da yadda garin ya mutu: da yaran suka girma sai suka fara jin kunyar a gan su durƙushe a ƙasa. Labarin gida ɗaya ne na masu hali, ba bincike ba ne irin na yau, amma ya yi tasiri ƙwarai a kan malamai.

Daga farkon ƙarni na 20 yashi ya zauna daram a makarantun renon yara. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta yanka baƙaƙe daga takarda mai yashi ta manna a katako, domin yaro ya bi su da yatsa, hannu ya san harafin kafin a ba shi alƙalami. Makarantun da ke bin tsarinta sun ƙara da faranti mai yashi na gwajin rubutu, wato abin da Bell ya gani a Madras ya dawo ta wata ƙofa. A Landan, Margaret McMillan da yayarta Rachel sun buɗe makarantar reno ta sararin waje a Deptford a 1914, domin yaran da cunkoso da rashin hasken rana suka nakasa. A Cambridge kuwa Susan Isaacs ta shugabanci wata ƙaramar makarantar gwaji daga 1924 zuwa 1927, mai lambu da ramin yashi, inda malamai ke rubuta abin da yara ke faɗa da yi ba tare da tsoma baki ba. Daga nan yashi da ruwa suka zama kayan da ba a rasa su a ajin reno na Ingila.

Dalilin da ya sa yashi ya riƙe wannan matsayi yana cikin halittarsa. Masana ƙasa suna kiran ƙwayar dutse yashi ne idan girmanta bai wuce milimita 2 ba, kuma bai yi laushin turɓaya ba. Busasshe yana zuba kamar ruwa, ya bi mazurari, ya ɗauki siffar duk abin da aka zuba shi a ciki. In an tara shi kuma ba ya tsayawa a tsaye, gangarensa ba ya wuce digiri 34 ko kusa da haka, ko da yaro zai wuni yana ƙari. Da zarar an yayyafa masa ruwa sai ya sauya hali. Ruwan yana maƙalewa a tsakanin ƙwayoyin ya ɗaure su, har a kife kofi a ɗaga, gini ya tsaya. In ruwan ya yi yawa sai ɗaurin ya kwance, ginin ya zube ya zama taɓo. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam sun nuna a 2012 cewa ruwa kimanin kashi 1 cikin 100 na yawan yashin ya isa ya ba gini ƙarfinsa mafi girma. Yaro ɗan shekara huɗu bai san wannan lissafi ba, amma hannunsa ya san lokacin da yashi ya yi daidai.

A nan ne karatun yake. Yaron da ke juye yashi daga dogon gwangwani zuwa faffaɗan kwano yana fama ne da tambayar da masanin tunanin yara Jean Piaget ya shahara da bincikenta, wato ko abu yana ƙaruwa ko raguwa idan an sauya masa mazubi. Wanda ke ƙirga cokali nawa ke cika kofi ya fara awo. Wanda ramin da yake haƙa ya rufta yana neman dalili, ya sake gwadawa ta wani ɓangare. Tono da ɗauka suna ƙarfafa kafaɗa da hannu, tsinke da rairaya suna horar da yatsun da za su riƙe fensir. In yara uku suka haɗu a kan shebur ɗaya kuwa, dole a yi magana, a yi ciniki, wani lokaci a yi kuka. Sannan kuskure a yashi ba ya barin tabo, shi ya sa yaron da ke tsoron ɓata takarda yake sakin jiki a nan. Motar roba mota ce har ta karye. Yashi kuwa da safe tuwo ne, da rana gada, da yamma kabarin ƙadangare.

Reshe na biyu na tarihin ya fito ne daga asibiti. Margaret Lowenfeld likitar yara ce 'yar Landan da ta yi aikin agaji a Folan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ta ga yaran da yaƙi ya gigita, ta kuma gane cewa yaro ba ya iya faɗin damuwarsa da baki yadda babba ke yi. A 1928 ta buɗe asibitin yara masu matsalar ɗabi'a a yammacin Landan. Ta tuna da wani littafi da marubuci H. G. Wells ya fitar a 1911 kan wasannin da yake yi da 'ya'yansa a daɓen ɗaki, sai ta tara ƙananan mutum-mutumi, gidaje, dabbobi, sojoji da itatuwa. A 1929 ta ƙara da farantan ƙarfe, ɗaya da yashi, ɗaya da ruwa. Yaran da kansu suka fara jera kayan a cikin yashin suna gina abin da suka kira duniyarsu, likita kuma tana gefe tana kallo tana zanawa. Dora Kalff, 'yar Suwizalan kuma almajirar masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, ta je Landan a 1956 ta yi karatu a wajen Lowenfeld, ta koma gida ta tsara nata salon. Farantinta yana da tsawon kusan santimita 72, faɗin 57, zurfin 7, gwargwadon abin da ido zai gani ba tare da juya kai ba, an kuma shafa wa cikinsa shuɗin fenti domin in yaro ya tona ya ga kamar ya kai ga ruwa. Littafinta ya fito a 1966, an kafa ƙungiyar masu wannan magani ta duniya a 1985. A Japan, inda masanin halayyar ɗan Adam Hayao Kawai ya kai wannan magani a 1965, ya sami karɓuwa nan da nan, domin can dama akwai tsohuwar al'adar gina ƙaramin lambu a cikin akwati. Ana amfani da hanyar har yau ga yaran da suka ga tashin hankali, ko da yake fassarar da wasu masu maganin ke yi wa kowane mutum-mutumi ta fi ƙarfin hujjar da ke hannunsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake mayar da hankali kan filin wasa. A 1943, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da Denmak, an buɗe wani fili a Emdrup da ke Kopenhagen bisa shawarar mai tsara lambuna C. Th. Sørensen, wanda ya lura yara sun fi son wurin da ake gini a kan filayen da ya ƙawata musu. Aka ba su ƙasa, katakai, bulo da kayan aiki, aka ƙyale su. A Amsterdam kuma matashin mai zanen gine-gine Aldo van Eyck ya tsara filin wasansa na farko a 1947, ramin yashi mai bakin kankare a tsakiya, 'yan sandunan lilo a gefe. Zuwa 1978 ya tsara sama da 700, da yawansu a kangayen da yaƙi ya bari.

Daga shekarun 1980 tauraron ramin yashi ya fara dusashewa a wasu daga cikin ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. Kyanwa da kare suna bahaya a ciki, kashinsu kuma na iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da wasu ƙwayoyin cuta. Ana tsintar fasasshen gilashi. Keken guragu ba ya tafiya a kan yashi, dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta 1990 kuwa ta wajabta a buɗe wa kowa hanya. Ga tsoron ƙara a kotu, ga kuɗin sauya yashi a kai a kai. Hukumomi da yawa suka ga sauƙinsu shi ne su shimfiɗa daɓen roba. Yashin kuma ya koma cikin ɗaki a matsayin haja: ana sayar da mai launi a leda, da wani da aka gauraya kashi 98 na yashi da kashi 2 na man silikon domin ya riƙa danƙo ba tare da ruwa ba. Yashin sayarwan ma bai tsira ba, domin a watan Nuwamba na 2025 an janye wasu nau'o'in yashi mai launi daga kasuwannin Ostareliya da Niyu Zilan bayan an gano ɓurɓushin asbestos a cikinsu, har aka rufe makarantu da dama na ɗan lokaci. Matsalolin ramin waje kuwa maganinsu sananne ne: a rufe shi da dare, a rairaye shi, a bar rana ta gasa shi, yara su wanke hannu in sun tashi.

A biranen Najeriya da Nijar yanzu ne ake shiga matakin da Berlin da Boston suka shiga tun ƙarni na 19. Filayen unguwa sun zama shaguna, tsakar gida ta sha siminti, makarantun reno masu zaman kansu da yawa kuma suna lulluɓe harabarsu da bulon daɓe domin kada kayan makaranta su yi datti, alhali manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi cewa ta hanyar wasa za a koyar da yara a wannan mataki. Sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda ƙasashen biyu suka amince da ita, ya lissafa wasa cikin haƙƙoƙin yaro. A cikin duk kayan koyarwar da aka ƙirƙiro wa ƙananan yara tun zamanin Froebel, yashi yana cikin waɗanda har yau ba a sami abin da ya yi daidai da su ba, kuma lodin tifa guda ya ishi makaranta ɗaya.